Ranar da mutum na uku ya shigo ciniki

Yawancin cinikin da ake ƙullawa a Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau ba ya zuwa gaban alƙali, kuma ba zai taɓa zuwa ba. Mutum biyu sun san juna, an taya, an sallama, an ɗauki kaya, an biya ranar da aka ce, ko a ƙara mako biyu da ban haƙuri. Dukiya mai ɗimbin yawa tana juyawa a haka kullum, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ya raina wannan tsari ba. Amana ta fi kowace takarda sauri, ta kuma fi ta araha.

Sai dai amana tsakanin mutum biyu take aiki. Rigima tana tashi ne ranar da na uku ya shigo: magajin da bai ji abin da mahaifinsa ya faɗa da baki ba, bankin da shi ma yake bin wannan ɗan kasuwa, wanda ya sayi kayan da zuciya ɗaya bai san akwai magana a kansu ba, ko kuma gobara da ambaliya, waɗanda ba su san kowa ba. Saboda irin wannan rana aka gina dokar kasuwanci, kuma ƙananan 'yan kasuwarmu suna asara mai ciwo don ba su san amsar da ta tanada ba sai bayan aikin gama ya gama.

A fara da ƙulla cinikin kansa, don nan abin ya fi sauƙi. Dokar da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila tana neman tayi, da karɓar tayin yadda yake ba ragi ba ƙari, da wani abu da kowane ɓangare zai bayar, da niyyar cewa maganar ta ɗaure su. Fiƙihu ma a kan ijabi da ƙabuli da yardar juna ya tsaya. Akwai wata tsohuwar shari'a ta 1840 a Ingila, tsakanin Hyde da Wrench, da kowane ɗan kasuwa zai gane nan take. Wrench ya sa wa gonarsa fam 1,000, Hyde ya taya 950, mai gona ya ƙi. Hyde ya dawo ya ce to ya yarda da dubun. Kotu ta ce babu ciniki, domin tayin da ya yi na 950 ya kashe farashin farko. Haka yake a kasuwarmu: ka taya, an ce maka albarka, ka tafi ka zagayo, ba ka da hakkin tilasta wa mai kaya ya sayar maka a kuɗin da ya faɗa da safe.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa cinikin baki ba ya tsayuwa a kotu. Yana tsayuwa. Wahalarsa tana wajen tabbatarwa. Akwai dai wasu da doka ta ce sai da rubutu da sa hannu, kamar cinikin fili ko gida a ƙarƙashin dokar da aka gada, da alkawarin tsaya wa wani a kan bashi. Dokar Shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar hujjar da ta fito daga na'ura, saboda haka saƙon WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki suna iya zama hujja idan an cika sharuɗɗan gabatar da su. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake ganin neman rubutu kamar zargi ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Wanda ya ce a rubuta bai ce abokinsa maƙaryaci ba ne. Yana tunanin ranar da ɗayansu ba ya nan ne.

Kafin alƙalami ma yana haddasa faɗa ba kaɗan ba. A dokar da aka gada, ana bambanta kuɗin da aka ajiye don tabbatar da cewa mai saye da gaske yake, wanda zai iya rasawa idan ya fasa, da kuɗin da aka biya a matsayin wani ɓangare na farashi, wanda a asali ana mayarwa bayan an cire asarar da mai kaya ya yi. A mazhabar Malikiyya kuwa ba a yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don an fasa ciniki ba, alhali Hambaliyya sun halatta. Ke nan amsa tana iya sauyawa gwargwadon kotun da aka je da abin da aka faɗa ranar biya. Kalma biyu a bayan rasit sun isa su kashe wannan gardama tun ba ta taso ba.

Inda na fi so a tsaya a natsu shi ne tambayar da kusan ba wanda yake yi lokacin ciniki: daga wane lokaci kaya suke zama na mai saye? Dokar Sayar da Kaya ta 1893, wadda Ingila ta daɗe da maye gurbinta amma har yau ita ce ginshiƙin wannan fanni a Najeriya, ta ba da amsar da ke girgiza mutane. Idan kayan ayyanannu ne, an nuna su, kuma a shirye suke a ɗauka, mallaka tana komawa ga mai saye tun lokacin da ciniki ya faɗa, ko bai biya ba, ko bai ɗauka ba, matuƙar ba su yi wani sharaɗi daban ba. Asara kuma tana bin mallaka. A ce wani ya zaɓi diloli goma na atamfa, aka ware su gefe aka rubuta sunansa, ya ce gobe zai turo mota. Da dare wuta ta tashi ba tare da sakacin mai shago ba. A hukuncin wannan doka, kayansa ne suka ƙone, kuma sai ya biya kuɗinsu. Wanda ya tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, ko ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a 2022, ya san wannan ba tambayar ɗakin karatu ba ce.

Idan kuwa kayan ba a ware su ba, hukunci ya juya. Mutum ya sayi buhu 100 na masara daga cikin buhu 1,000 da ke sito, ba a ƙirga nasa an fitar ba. Mallaka ba ta koma gare shi ba, domin ba wanda zai iya nuna wane buhu ne nasa. In sito ya ƙone, asarar mai sayarwa ce, kuma sai ya kawo wata masarar ko ya mayar da kuɗi. Malaman Malikiyya sun isa kusan wannan matsaya ta tasu hanyar: lamunin kaya, wato ɗaukar asararsu, yana komawa kan mai saye da zarar ciniki ya inganta, ban da abin da ake awo ko ma'auni ko ƙirge, wanda yake zama a wuyan mai sayarwa har sai an auna an cika. Dokoki biyu da suka taso daga wurare masu nisa sun haɗu a nan, kuma ina ganin dalilin ɗaya ne: dole a sami wani lokaci tabbatacce da za a nuna a ce daga nan asara ta sauya hannu.

Barin kaya a hannun mai sayarwa bayan an biya yana da wani haɗarin da ya fi wuta. Ƙa'ida ta asali ita ce mutum ba ya sayar da abin da ba nasa ba. Wanda ya sayi wayar sata, ko da bai sani ba, mai ita zai iya karɓe abarsa, shi kuma ya koma ya bi wanda ya sayar masa. Amma dokar ta yi togiya. Idan ka saya ka bar kayan a hannun mai sayarwa, ya juya ya sayar wa wani wanda bai san da cinikinka ba, har ya miƙa masa, to na biyun ne ya mallaka. Kai sai dai ka bi kuɗinka, wurin mutumin da watakila ba shi da su. Hikimar ita ce kai ka bar shi yana kama da mai kaya a idon jama'a, don haka kai ka fi cancantar ɗaukar asarar a kan baƙon da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Haka abin yake idan aka juya shi. Babban ɗan kasuwa da ya ba da kaya bashi yana da ikon riƙe su muddin suna hannunsa, yana kuma da ikon tsayar da su a hanya idan ya ji cewa mai sayen ya karye kafin su isa. Da zarar sun isa hannun mai saye, wannan iko ya ƙare. Abin da ya rage masa bashi ne kawai, daidai yake da kowane mai bin bashi. Zai iya sa sharaɗi a rubuce cewa kaya suna nan a matsayin nasa har sai an gama biya, kuma doka ta yarda da hakan, amma sharaɗin ba ya bin atamfar da aka riga aka yanka wa mata a ƙauye.

Maganar aibi ba ta buƙatar dogon bayani. Doka tana ɗora wa mai sayarwa wasu sharuɗɗa ko bai furta su ba: kayan nasa ne, sun dace da siffar da aka faɗa, sun yi daidai da samfurin da aka nuna, kuma idan sana'arsa ce sayar da irinsu, suna da ingancin da za a iya sayar da su. Fiƙihu yana kiran makamancin wannan zaɓin aibi. Rubutun nan da ake bugawa a ƙasan rasit cewa ba a mayar da kayan da aka saya ba shi da ƙarfin da masu shago suke zato, musamman bayan dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta ba mai saye hakkin mayar da kaya masu illa.

Sai jingina, wadda a nan ne mutum na uku yake fitowa ƙarara. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ɗan kasuwar da ya karye ba mutum ɗaya ne ke bin sa ba. Idan dukiyar da ta rage ba ta isa ta biya kowa ba, wa zai fara ɗauka? Wannan ita ce tambayar da jingina take amsawa. Mai jingina yana da hakki a kan wata kadara takamaimiya, za a biya shi daga kuɗinta kafin sauran su taɓa. Wanda ba shi da ita zai shiga layi ya raba ragowar, in akwai ragowa.

Tsohuwar hanya ita ce a miƙa abin hannu da hannu. Aya ta 283 ta Baƙara ta ambaci jingina abar karɓa, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya rasu sulkensa yana jingine wurin wani Bayahude a kan sha'ir da ya karɓa don iyalinsa. Riƙe abin a hannu yana yin aiki biyu: mai bashi ba zai iya sayar da shi ba, jama'a kuma sun ga ba ya hannunsa, ba wanda zai yaudaru. Wannan ya dace da gwal ko agogo. Bai dace da tela da kekensa ba, ko mai injin niƙa, ko makiyayi da shanunsa. Idan suka miƙa abin sana'ar, da me za su nemi kuɗin biya? Idan kuma aka bar shi a hannunsu, me zai hana a jinginar da keke ɗaya wurin mutum uku?

Shekaru da yawa bankuna sun kauce wa wannan matsala ta hanyar cewa sai fili ko gida mai takardar mallaka. Ita ma wannan hanya tana da ƙaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, kuma sashe na 22 ya ce mai takardar mallaka ba zai jinginar da ita ba sai da amincewarsa. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1989, an rushe jinginar da aka yi ba tare da wannan amincewa ba, bankin ya rasa ikon sayar da gidan. Neman sa hannun gwamna yana cin lokaci da kuɗi, mafi yawan gidaje da gonakin talakawa kuwa ba su da takardar ma tun farko. Sakamakon shi ne mutum yana da shago cike da kaya, da shanu, da kuɗi a hannun abokan ciniki, amma a idon banki ba shi da komai.

Wannan giɓi ne Babban Bankin Najeriya ya nemi cikewa da ya buɗe rajistar jingina ta ƙasa a 2016, sannan a watan Mayun 2017 Yemi Osinbajo, a matsayin muƙaddashin shugaban ƙasa, ya sa hannu a kan dokar jinginar kadarorin da ake iya ɗagawa. Tunanin da ke ciki mai sauƙi ne. Tunda ba za a miƙa keken ba, a rubuta a wata rajista ta intanet, wadda ake iya dubawa, cewa keken nan akwai bashi a kansa. Rajista ta maye gurbin riƙewa a hannu. Injuna, dabbobi, amfanin gona, kayan shago, har da bashin da ɗan kasuwa yake bin wasu, duk za su iya zama jingina. Idan masu ba da bashi biyu suka yi karo a kan kadara ɗaya, a asali wanda ya riga yin rajista shi ne gaba, ko da shi ya ba da kuɗinsa daga baya. Kamfanoni suna da nasu ƙarin nauyin: dokar kamfanoni ta 2020 ta ba da kwana 90 a yi rajistar jinginar da aka ɗora a kan kadarorin kamfani a hukumar rajistar kamfanoni, in ba haka ba jinginar ba ta tsayuwa a gaban sauran masu bin bashi.

Ina ganin dokar 2017 tana cikin mafi amfani da aka yi wa ƙaramin ɗan kasuwa, kuma abin takaici ne yadda ba a jin labarinta a cikin kasuwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke sasanta rigingimu kullum su ne suka fi dacewa su san ta, su matsa wa ƙananan bankuna da bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, su riƙa amfani da ita.

Mai jingina yana da ƙarfi, amma ƙarfinsa yana da iyaka, kuma a nan ne ake zaluntar marasa galihu. Jingina ba saye ba ce. Idan lokaci ya cika ba a biya ba, kadarar ba ta zama ta mai bin bashi haka kawai. Ana sanar da mai ita, a sayar a kan farashin da ya dace, a cire bashi, a mayar masa da abin da ya yi saura; idan kuɗin bai kai ba, ragowar tana nan a kansa. Hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya hana a rufe jingina a kan mai ita, dokar Ingila ma ta daɗe tana kare hakkin fansa. Haka jinginar gona ta al'ada: Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okoiko da Esedalue a 1974 cewa komai daɗewar shekaru, mai gona ko magadansa suna iya fansar abinsu. Malaman Malikiyya kuma ba su yarda wanda ya ba da rance ya riƙa cin amfanin gonar da aka jinginar masa ba, domin rance ne ya jawo riba. Duk da haka iyalai nawa ne suka rasa gonar gado a kan kuɗin da bai kai rabin darajarta ba, don kawai an gaya musu wa'adi ya wuce?

Matasan da ke karɓar babur ko adaidaita sahu suna biya kaɗan-kaɗan har su mallaka su ma akwai dokar da ta shafe su tun 1965. Ta ce a rubuta yarjejeniyar, a bayyana farashin kuɗi hannu da jimillar abin da za a biya. Idan abin hawa ne mai inji kuma an biya kashi uku cikin biyar, mai shi ba ya da ikon ƙwacewa da ƙarfi, sai ta kotu. Abin da aka yarje masa shi ne, idan biya uku ko fiye suka taru, ya ɗauke ya adana kafin a yi hukunci. Idan mai abin hawan ya keta wannan, yarjejeniyar ta rushe, kuma mai biya yana iya neman duk abin da ya biya. Yaro ya yi wata goma sha biyar yana kai kuɗi, ya yi jinyar mako uku, a zo a ɗauke mashin a ba wani. Da ya san wannan sashe, da maganar ta sauya.

Tsaya wa wani kuwa, a yi hattara. Wanda ya sa hannu a matsayin mai tsayawa ba shaida ba ne. Ya ɗauki bashin a wuyansa, kuma idan mai bashi ya gaza, ana iya zuwa kansa kai tsaye ba sai an fara kai wancan ƙara ba. Kai mai bashi wurin 'yan sanda ma ba hanya ba ce: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 da dokar 'yan sanda ta 2020 duk sun hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Cekin da aka bayar alhali babu kuɗi a asusu shi ne daban, domin dokar 1977 ta mai da shi laifi mai ɗaurin shekara biyu.

Duk wannan a cikin Najeriya ne. Ɗan kasuwar Kano da ke ba abokinsa na Maraɗi ko Damagaram kaya bashi ya sani cewa da kayan sun tsallaka iyaka sun shiga wani tsarin. Nijar, kamar Chadi da Kamaru, tana cikin OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar 1993 don ƙasashe mambobi su yi aiki da dokar kasuwanci iri ɗaya. Suna da dokarsu ta jingina, wadda aka sabunta a 2010, da rajistarsu ta kasuwanci da bashi, da kuma gajeriyar hanyar neman umarnin biya daga kotu idan bashin tabbatacce ne kuma lokacinsa ya yi. Rajistar da aka yi a Abuja ba ta ba mutum fifiko a kan kayan da ke ajiye a shago a Maraɗi. Wanda yake son jinginarsa ta tsaya a can, a can zai rubuta ta.